Nasiru Ya Shafe Furanninki

Zuwa ga ƴar'uwata Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Usaina, wadda kika riga zuwa duniya, kika kuma riga ta barinta. Na zo miki da labari, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina rubutu ina share hawaye.

Nasirunki ya zama mushe, wato malamin makaranta. Jaririn nan da kika bari a hannuna ko cibiyarsa ba ta faɗi ba, yau ga shi da gemu, an tura shi koyarwa wata lakwal a Bankuku. Ya kama ɗaki can, ba komai a ciki sai tabarma da buta. Ni da bakina na ce ya ɗauki armuwar ɗinki, kabad ɗin katakon nan, ya zuba kayansa. A raina so nake ki bi shi.

Kin tuna ranar da muka saye ta a kasuwar Baleyara, ana gab da bikinki? Ta hannu ce, ƙafa ɗaya ta gaza sauran, ƙyauren sai kuka yake. Na ce ko kyauta ba na so. Kika ce, "Bari ki gani, tsohuwa ma in ta sha lalle amarya ce." Kika shafe ta da fenti tsanwa, kika tauna bakin asuwaki ya zama burushinki, kika zana jajayen furanni a ƙyauren. Inna ta leƙo ta ce wa ya zana zabi? Kika yi fushi har kika ƙi cin tuwo, mu kuwa dariya har muna riƙe ciki.

Tun rasuwarki armuwar tana ɗakina a Filinge. Ko kaza ban taɓa bari ta hau kanta ba.

Nasiru ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce ƙarfi kam akwai. Amma in ya kai wanga abu ɗakinsa, abokai cewa za su yi an kawo amarya. Kayan namiji, in ji shi, duhu ake so. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ga yadda yake ɗokin ɗakinsa na farko, na ƙyale shi.

Jiya ya fito da ita tsakar gida ya hau kankare fentin. Ina zaune ina tsintar wake, garin fentinki yana zuba a kan ƙafafunsa. Da ya kai ga ƙyauren na kasa daurewa, na gaya masa uwarsa ce ta zana furannin nan da hannunta. Ya dakata. Ya ce, "Allah ya jiƙanta," cikin ladabi, yadda ake faɗa in mota ta wuce maƙabartar wani gari. Sannan ya ci gaba da aikinsa.

Wallahi Hassana, kada ki ga laifinsa. Yaro ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya shafa wa armuwar fenti ruwan ƙasa mai duhu, kusan baƙi, ya sa mata mariƙin ƙarfe, ya gyara ƙafar nan da mu muka yi ta toshewa da dutse. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta yi kyau. Ya kira ni Inna, ya ce in zo in gani. Na ce madalla, na shige madafa kamar mai duba tukunya, alhali ko wuta ban hura ba.

Innarmu ta tafi, Baba ya tafi, ƙawayenmu kowa ta kama gabanta. Ni kaɗai na rage mai iya tuna muryarki.

Maganarki ta ƙarshe gare ni ita ce kada in bari ya san maraici. Na riƙe amana. Na ba shi nonona, na goye shi, ban taɓa yin kukanki a gabansa ba don kada ya tambaya. Bai san maraici ba, Hassana. Shi ya sa bai san ki ba.

Ki faɗa mini, haka kike nufi?

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya sa aljanna ce makomarki. Ya tsare mana Nasiru a baƙon gari. Ni kuma ya ba ni haƙurin da zan raka armuwar bakin mota gobe ba tare da ya ga idona ba.

Taki har mu sadu,
Usaina