Tukunyar Gas ɗin da Kuka Rufe Cikin Kabad a Gidan Ɗiyata

Zuwa ga Alhaji Manaja,
Kamfanin da ya haɗa wa ɗiyata kicin,
Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Da fatan kowa yana lafiya, kasuwa kuma tana albarka. Allah Ya sa haka, amin.

Alhaji, sunana Rabi, a Ƙofar Guga nake zaune. Ni ce matar da ta zo shagonku sau huɗu kafin azumin da ya wuce, tare da autata Sa'adatu, muna zaɓen kayan kicin na aurenta. Ban sa sunan kamfaninku a takardar nan ba, don ba tozarta ku na fito yi ba, kuma kun san kanku. Abin da ya sa na rubuta a fili shi ne na zo ofishinka sau biyu ana cewa ka yi tafiya, na bar saƙo ba a neme ni ba.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yanzu da yatsa nake bin layi in ina karatu, Turanci kuwa ban iya ba. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don kada a sassauta abin da idona ya gani.

1. Yadda muka zaɓi kayan

Sa'adatu ce ta ce tana son irin kicin ɗin da komai ke cikin katako, ba a ganin ƙafar murhu ko bayan firij. Ni da na girma da murhun duwatsu uku ban san kansa ba, amma na ce to, auta ce, kuma ni ce zan yi mata. Ma'aikacinku Malam Nura ya karɓe mu da fara'a, ba zan ɓoye wannan ba. Ya buɗe mana littafin hotuna, ya nuna mana murhu mai baki huɗu da ake dasawa cikin dutsen saman kabad, da oben da ke shiga ƙasansa, da abin zuƙe hayaƙi, da firij mai ƙofar katako. Mun fi awa biyu a kan launi kaɗai, ko ruwan toka ko ruwan madara. Ya ba mu shawarar hannun ƙofa da ba ya tsatsa. Har ya tambaye ni ko dutsen zai ɗauki tuƙin tuwo, muka yi dariya.

Da muka zo kan tukunyar gas, ni ce na yi magana. Na ce ba na son 'yan ganin ɗaki su shigo su tarar da ƙatuwar tukunya mai tsatsa tsaye a tsakiyar kaya masu kyau, su fita suna zunɗe. Ka san mata ranar jere, babu abin da ba sa leƙawa. Na ce ko akwai yadda za a ɓoye ta. Malam Nura ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, Hajiya, za mu yi mata ɗaki nata a gefen oben, a rufe da ƙofa, ko mai gidan sai ya nema. Na yi masa godiya har da sa albarka.

Na faɗi wannan da bakina don kada wani ya riga ni. Ni na roƙa. Amma ban san abin da nake roƙo ba, shi kuwa aikinsa ne ya sani. Bai ce mini uffan ba.

2. Abin da ya faru

Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan biki, ranar wata Alhamis da hantsi, na je gidan. Zuwana na farko ke nan tun da aka kai ta, don uwa ba ta gaggawar zuwa gidan ɗiyarta. Ƙanwata Talatu ce ta raka ni. Mun tarar gida yana ta ƙamshi, kamar yadda gidan amarya yake, turaren wuta safe da yamma har labule ya kama. Sa'adatu ta soya mana kifi, sai Talatu ta ce ƙarnin ya shiga kabad-kabad, bari ta turara mata su yadda muke turara sif ɗin kaya. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta shiga tana buɗe ƙofofin ƙasa ɗaya bayan ɗaya tana kanga kaskon a baki.

Ina zaune a falo, ƙofar kicin a buɗe, ina kallonsu. Sa'adatu tana tsaye a bayanta riƙe da kwalbar turare. Talatu ta durƙusa ta buɗe ƙofar da ke gefen oben.

Alhaji, ban ga tashin wutar ba, faɗuwarta na gani. Wani haske shuɗi ya fito daga kabad ɗin ya bi ƙasa, ƙofar ta ɓalle ta daki firij, mayafin Talatu ya kama. Salati kawai nake, ina kallon ɗiyata ta cikin wuta. Ita ce ta yi ta maza ta fizge mayafin ta juye wa innarta bokitin ruwa. Wani maƙwabci da ya ji ƙarar ya shigo ya naɗe hannunsa da jiƙaƙƙen tsumma ya rufe kan tukunyar. Da ya fito sai ya zauna a ƙasa a tsakar gida.

Talatu ta ƙone a hannun dama har zuwa gwiwar hannu, girarta da gashin gaban kanta sun tafi. Ɗinkin hula take yi tana ciyar da 'ya'yanta marayu. Yau mako uku ke nan ba ta riƙe allura ba. Sa'adatu gefen zaninta ne kawai ya babbake. Da ita ce ta durƙusa a wurin, da fuskarta ce. Wannan tunanin ba ya barina in ci abinci.

3. Abin da na gano daga baya

Na kira Malam Isa, wanda muke sayen gas a wurinsa shekara da shekaru, ya zo ya duba. Da ya leƙa kabad ɗin sai ya riƙe baki. Ya nuna mini cewa babu ko ƙaramar huda da iska za ta shiga ko ta fita. Ya ce gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, to a rufaffen wuri taruwa yake ta yi kamar an tara shi a randa. Ya nuna mini tiyon da aka lanƙwasa saboda wurin ya yi ƙunci, har ya tsage a gindi, kuma da waya aka naɗe bakinsa. Sannan ya sa hannuna a kan katakon da ke tsakanin tukunyar da oben. Bai kai kaurin yatsana ba.

Na tambayi Sa'adatu ko ba ta taɓa jin wari ba. Ta ce wani lokaci takan ji wani abu kaɗan in ta sunkuya, sai ta ɗauka warin sabon katako ne, ta ƙara turare. Haka kowace amarya a garin nan za ta yi. Ƙamshin da muke yi wa 'ya'yanmu gata da shi, shi ya rufe warin da zai cece su.

A cikin oben muka sami ɗan littafin da ya zo da murhun, yana cikin ledarsa ba a ko buɗe ba. Da Turanci yake. Na zaunar da Sa'adatu ta fassara mini shafi-shafi. Masu ƙera murhun da kansu sun yi gargaɗin a bar wa iska hanya, kuma kada a ajiye tukunya kusa da zafi. Ashe a rubuce yake, a cikin kayan da kuka sayar mini. Ko dai ba ku karanta ba, ko kun karanta kun ƙyale. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba.

4. Abin da mutanenku suka yi

Sai bayan kwana biyar Malam Nura ya zo da mutum biyu. Suka canja tiyo, suka sa sabuwar ƙofa, suka mayar da tukunyar inda take, suka ce an gama. Na ce a fitar da ita waje a huda bango. Ya ce hakan zai ɓata tayil, kuma ba ya cikin aikin da aka yi yarjejeniya a kansa. Ya ƙara da cewa in muka kawo wani ya taɓa, kamfani ya cire hannunsa daga komai na kicin ɗin. Bai tambayi jikin Talatu ba. Abin da ya ce shi ne ai kowa ya san ba a kai wuta kusa da gas, irin wannan kaya na waɗanda suka waye ne.

Alhaji, Talatu ba ta san akwai tukunya a bayan ƙofar nan ba. Don kada a sani aka yi ƙofar. Kuma wane gida ne a Katsina, daga Gobarau har sababbin unguwanni, na mai ilimi ko na jahili, da kaskon turare ba ya zagaya ɗakunansa? A gidanka ba a yi? Ku da kuke sayar wa iyayen amare kaya kullum, ku ne ya kamata ku fi kowa sanin abin da ake yi a gidan amarya.

Zuwana na biyu nemanka, na tarar da wata baiwar Allah da ɗiyarta a shagonku, ana nuna musu irin wannan kabad ɗin, ana buɗe ƙofa ana rufewa, suna murna tukunya ta ɓace. Na ja ta gefe na fara gaya mata, sai wani ma'aikacinku ya ce in yi haƙuri in fita ina ɓata musu ciniki. Ban san ko ta saya ba. Ban san sunanta ba, balle in neme ta.

5. Halin da muke ciki

Tun ranar da wutar ta tashi, a kan kurfotin gawayi Sa'adatu ke girki a tsakar gida, don na hana ta kunna murhun. Mijinta yaron kirki ne, amma ya ce tunda kamfani ya gyara ta koma kicin, ba zai yiwu 'yan uwansa su riƙa zuwa suna tarar da amarya tana fifita gawayi ba. Ba ya son a kawo wani ya taɓa saboda maganar Malam Nura. Ni kuwa surukina ne, ba na iya zama in yi ja-in-ja da shi. Yarinya ta shiga tsakani, umarnin miji a nan, kukan uwa a can. Shekaranjiya ta kira ni tana kuka, ta ce ya ba ta zuwa Juma'a.

Jiya na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na bari ya tafi aiki, na ɗauki Malam Isa a keke mai ƙafa uku, muka je ya kwance tukunyar, na taho da ita gidana. Na san abin kunya ne uwa ta shiga gidan surukinta ta ɗauke kaya ba da izininsa ba. Na san za a yi magana, wataƙila ma ya yi fushi da ita a kan laifina. Na auna fushinsa da ran ɗiyata, na ga fushi ana ba da haƙuri ya wuce.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya, ka turo waɗanda suka san aiki su huda bangon nan, a yi wa tukunya mazauni a waje inda iska ke kaɗawa, a ja bututu mai kyau zuwa murhu. In tayil zai fashe, ya fashe. A yi kafin Juma'a.

Na biyu, ka kira surukina da kanka ka gaya masa gaskiya, cewa wurin da aka sa tukunyar ba daidai ba ne. Daga bakinka zai ji abin da ba zai ji daga nawa ba.

Na uku, ku bi duk gidajen da kuka yi wa irin wannan aiki ku duba. Kuna da sunayensu, ni ba ni da su. Ku nemo matar nan da aka kore ni a gabanta.

Na huɗu, ku rubuta gargaɗi da Hausa, da manyan baƙaƙe, ku manna a jikin kabad inda irina za ta iya karantawa. In wata uwa ta sake roƙon a ɓoye mata tukunya, ku ce mata a'a, ko da za ta fita da fushi.

Na biyar, wani daga cikinku ya je ya gaida Talatu. Ba ta ce in roƙa mata komai ba, amma zumunci da hakkin Musulunci sun isa a ce an je an duba ta.

Tukunyar tana tsakar gidana a Ƙofar Guga, a sarari, nesa da murhu. Ba za ta koma gidan ɗiyata ba sai ranar da na ga hudar bangon nan da idona. Kowace rana da kuka jinkirta, a kan zaman auren yarinyar nan take sauka.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a kasuwancinka, Ya tsare ka da iyalinka daga wuta ta duniya da ta lahira. Allah kada Ya nuna maka a kan ɗiyarka abin da Ya nuna mini a kan tawa.

Wassalam.

Rabi, mahaifiyar Sa'adatu,
Ƙofar Guga, Katsina.