Tina a Kwalbar Maganin Ido

Zuwa ga ƙanena abin ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririnku. Allah ya raya mana shi, ya ƙara muku lafiya. Nan gida yara lafiya lau, amma Baba ba lafiya, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Ka san Autanmu ya mayar da ɗakin tsakar gida wurin gyaran waya da rediyo. Bakina har ya gaji da yi masa magana. Tabaran kariyar da ka aiko masa yana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe shi, wai zufa yake sa shi. Taga kullum a kulle, hayaƙin dalma kuwa har cikin ɗakina. In na yi magana ya ce me mace ta sani a harkar lantarki. To, ga inda saninsa ya kai mu. Ashe kwalaben maganin idon da kake aiko wa Baba, in sun ƙare tsince su yake yi yana ɗura tina, ruwan nan mai ƙauri da yake wanke cikin waya da shi, wai bakin kwalbar ya fi ɗigowa daidai. Ko takardar jiki bai ɓare ba! Ranan ya fito amsa kira ya ajiye ɗaya a bakin taga, inda Baba ke ajiye tasa. Baba ya laluba ya ɗauka, ya ɗiga a idon dama, mai gani ɗin, tunda na hagu ya daɗe da mutuwa.

Ihun nan har yau yana kunnena. Na yi ta kwarara masa ruwa har muka isa asibiti. Likita ya naɗe idon, ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Auta yana ta kuka, ni wallahi ko kallonsa ba na son yi. Abin haushin, Baba cewa yake a ƙyale yaro, tsautsayi ne, kada kuma a gaya maka. Na ƙi.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida mai jego. Hoton jaririn ya iso jiya. Baba ya karɓa ya riƙe shi a juye, yana shafawa yana cewa kamarku ɗaya sak. Na kasa gyara masa.

Taka har kullum,
Yayarka