Gandun Madam Celestine da Namu

McLeansville, Greensboro

Assalamu alaikum Yaya Ma'aruf,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti Binta da yara. Na rubuto ne don saƙon murya kowa a gidanka sai ya ji, maganar kuwa tsakaninmu ce.

Ka san Hakim, yaron da ya musulunta yake neman 'yata Salwa. Ranar Asabar muka je Summerfield gaishe da kakarsa, Madam Odile, tsohuwa mai shekara casa'in. Asalinsu mutanen Louisiana ne da ake kira Kiriyol, jinin Afirka da Faransa a gauraye. Ta nuna mini hoton kakar kakarta, Celestine, mace baƙa da ɗankwali kamar na Hajiyarmu. Ta ce tun ana tsakiyar bauta ita 'yantacciya ce, tana da kantin atamfa da kofi a New Orleans, da gidajen haya, da gonar rake a bakin kogi. Na ji daɗi ƙwarai, har na ce ashe Salwa gidan asali za ta shiga. Sai na tambaya su wa ke noma mata gonar.

"Bayinta mana," in ji tsohuwar, tana zuba mini miyar kuɓewa. "Wasu ta saya, wasu a gonar aka haife su."

Yaya, baƙar fata ta sayi baƙar fata. Na ajiye cokali na miƙe. Na dubi Hakim, ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani, Salwa ma ta sani. Da gumin waɗannan mutane aka yi arzikin da suke tinƙaho da shi. Tun da mahaifin Salwa ya rasu kai ne waliyyinta. Ina roƙonka ka ce ba ka ba da ita ba.

Ƙanwarka,
Hafiza

Kano

Wa alaikumus salam Hafiza,

Saƙonki ya iso, kowa yana lafiya, alhamdu lillahi. Na daɗe ina juya yadda zan ba ki amsa.

Kakanmu Alhaji Tanko fataucin goro ya gada, da gandun nan na Dawaki da har yau ake kawo mana gero daga cikinsa. Kin taɓa tambaya su wa suka sare dajin? Mutanen gidan baya ne, waɗanda muka tashi muna cewa danginmu na ƙauye. Inna Daso da ta goya ki, mahaifin Alhaji Tanko ne ya sayo kakarta a kasuwa. Har yanzu jikokinta aro suke noma a gandun, ba su da ko taki ɗaya.

Lokacin da Rilwanu ɗan Inna Daso ya nemi aurenki, Baba ya hana, ya ce miki don ba shi da aiki ne. Ba aiki ba ne. Duk manyan gidan sun sani, ke kaɗai aka rufe.

Saboda haka ba zan hana Hakim ba. Na bincika addininsa da halinsa wajen limaminku, ban ji aibu ba. Ki gaida Salwa.

Yayanki,
Ma'aruf

McLeansville

Yaya, salam.

A mota na karanta takardarka, a bakin asibiti kafin in shiga aiki. Na kasa fitowa, sai waya na yi na ce ba ni da lafiya. Inna Daso, wadda nake kwana a bayanta? Shekara talatin ina ganin Rilwanu ragon namiji ne da bai tsaya ya yi faɗa a kaina ba. Ranar da zan bar Kano ya ce mini, "Hafiza, akwai ƙofar da ba ta buɗuwa ga irina." Na ɗauka talauci yake nufi.

Na gaya wa Salwa. Da Turanci ta amsa, wai, "Mama, su Hakim aƙalla suna faɗa da bakinsu."

Jiya na koma wajen Madam Odile ni kaɗai, na ba ta haƙurin tashin da na yi ban gama cin abincinta ba. Ta ce har yanzu suna da ragowar gonar raken. Hakim ne ya nemo jikokin mutanen da suka yi bauta a cikinta, ya nuna musu kaburburan kakanninsu. Wasu suna zuwa duk shekara, wasu sun ce kada a sake kiransu. Ta ce ba ta ga laifin kowa a cikinsu ba.

Ka sa ranar aure. Sannan kasona na gandun Dawaki, ka je ka damƙa wa Rilwanu da 'yan'uwansa a gaban shaidu. Ka ce masa ban sani ba.

Taka,
Hafiza

Kano

Hafiza, salam.

An sa rana, bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu.

Na je Dawaki, na sami Rilwanu a gona. Ya saurare ni har na gama, bai ajiye fartanya ba. Bai ce ya karɓa ba, bai ce ya ƙi ba. Ya ce an taɓa yanke maganarsa da ke ta bakin wasu, ba za a sake ba. Lambarsa tana bayan takardar nan. Ya ce ki kira da kanki.

Allah ya ba ki sa'a.

Ma'aruf