Ruwan da Ke Ɗiga a Sujada

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna?

Na ce muku aikin da aka yi mini ta hanci, don cire ƙarin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwata, ya yi kyau. Ban ƙarasa muku zancen ba. Tun da aka sallame ni, duk sanda na yi sujada sai ruwa ya ɗiga a darduma, garau, ta hancin hagu kaɗai. Mai walda da muke ɗaki ɗaya ya ce tsoron Allah ne ya kama ni da tsufa. Shugabanmu na masana'anta ya ce mura ce, in koma bakin aiki. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinsa, ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba.

Na koma asibiti. Likitar da ta yi mini aikin ta sa na sunkuya, ta tari ruwan a kwalba. Ashe ruwan ƙwaƙwalwa ne, inda suka liƙe ya buɗe. In cuta ta bi ta nan, sanƙarau ke nan. Na zazzage mata duk abin da ke bakina. Ta saurara har na gaji, ta ce aikinta ne ya saki, ba ta ɗora wa kowa ba. Gobe za ta sake yi mini aiki.

Kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina nan da raina.

Kitsen cikina suka yanka suka toshe wurin da shi. Likitar ta ce ba ta taɓa shan wahalar neman kitse a jikin mutum irin nawa ba. Kwana biyar ina kwance, an hana ni fyace hanci, an hana ni yunƙuri, salla da ishara. Mai walda ya riƙa ba ni abinci a baki yana kirana jariri. Shugaban namu ma ya zo, ya tsaya bakin ƙofa kamar wanda aka aiko. Amma dai ya zo.

Yau likitar ta sake sa ni na sunkuya. Minti biyu kaina a ƙasa, tana riƙe da kwalbar. Ko ɗigo. Gwajin ma ya nuna babu cuta. Na so in ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara, sai na ce ta gaida gida.

Yanzu ki gaya wa Inna. Ki fara da cewa na warke, ki bari ta zauna, sannan sauran.

Ƙaninki mai kewarku,
Dogo