Ni Na Ƙona Fuskar Yayata, Amma Mai Kemis Aka Kama

Assalamu alaikum Hajiya, da ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙon ku kada ku zage ni, wallahi zagin da nake yi wa kaina kullum ya ishe ni.

Ina sana'ar gyaran jiki a Gusau, dilka da halawa da haɗa sabulu. Ban yi karatun fata ba, a waya na koya, cikin wani guruf na mata. Ina da yaya ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare ce a Bungudu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Babanmu har na gama sakandare. Bayan haihuwarta ta ƙarshe wani duhu ya fito mata a kumatu da goshi. Likitar fata ta ce ba abin tashin hankali ba ne, ta nemi mai mai sauƙi irin wanda kowa ke iya saya a kemis, ta haɗa da man kare rana, ta yi haƙuri na wasu watanni. Ta saya a wajen wani dattijo mai kemis a unguwarsu, wanda tun muna yara yake wurin.

A lokacin ni kuma na yi odar wani ruwan ɓare fata. A jikin kwalbar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na ƙwararru ne, a asibiti ake shafa shi, a wanke bayan 'yan mintuna. Na karanta, ba zan ce ban karanta ba. Amma mu a guruf abin da muke gaya wa juna shi ne na kemis an tsinka shi da ruwa, wasa ne kawai, na likitoci shi ne na gaske.

Wata Asabar na je gidanta na tarar da maƙwabtanta biyu suna hira. Na ce, "Yaya, wata biyu kina shafa wanga abu, mi ya canza? Bari in yi maki nawa, sati guda ki ga aiki." Ta yi dariya ta ce, "Ke auta, bar ni da na Malam mai kemis. Likita ta ce mai ƙarfin ba a wasa da shi a gida. Yaushe kika zama likita ban sani ba?" Matan suka tuntsire da dariya. Wasa take yi, na san wasa ne, amma abin ya tsaya mini a rai. Da ta shiga kicin zuba mana abinci, sai na shiga ɗakinta, na buɗe robar man, na zuba ruwan nan kamar cikin murfi ɗaya, na juya da tsinke na rufe. Wai nufina fuskar ta washe, sannan in ce mata kin gani, nawa ne ya yi aiki. Wane irin tunani ne wannan? Har yau ban gane kaina ba.

Bayan kwana uku mijinta ya kira ni. Ashe safe da yamma take shafawa, tana jin zafi tana ɗauka aiki yake yi, kuma ta tsaya cikin rana da ɗalibai. Da na gan ta a asibiti ban gane ta ba. Fuska ta kumbura, fata ta saluɓe, ruwa na tsattsafowa. Likita ta tambaye ta ko ta haɗa da wani abu, ta ce a'a. Sai likitar ta juyo gare ni ta ce, "An ce ke mai gyaran jiki ce, kin sa mata wani abu?" Kafin in buɗe baki Yaya ta ce, "Ta so ta sa, ni na hana ta." A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma na yi shiru.

Da aka duba robar, likita ta ce abin da ke ciki ba shi ne aka rubuta a jiki ba. Mijin Yaya bai tsaya ko'ina ba sai wajen 'yan sanda. Aka kama dattijon nan, ya kwana biyu a tsare, aka rufe shagonsa. An bincika sauran kayansa ba a samu komai ba, aka sake shi, amma magana ta riga ta kai har Rawayya da Kekun Waje cewa jabu yake sayarwa. Ko farasitamol mutane suka daina saya a wurinsa. Yanzu ya koma wajen ɗansa a Tsafe. Kafin ya tafi mun haɗu a bakin titi, ya rame, ya ce mini, "'Yata, ya jikin Malama? Don Allah ki ce mata wallahi ban cuce ta ba." Na ce to, Baba. Abin da na iya cewa ke nan.

Yau wata bakwai. Ciwon ya warke amma tabo ya zauna, baƙi ƙirin, likita ta ce ba lallai ya tafi duka ba. Yayata da ba ta taɓa rufe fuska ba, yanzu da niƙabi take shiga aji, ta daina zuwa biki da suna. Ni ke raka ta asibiti, ni ke shafa mata maganin da aka rubuta, tana sa mini albarka. Ran nan ina cikin shafa mata ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ki yafe mini dariyar da na yi maki. Da na ji maganarki na yi amfani da naki, da duk wannan bai same ni ba." Har mata take turo mini gyaran jiki, tana ce musu ƙanwarta ta san aiki. Da wane ido zan kalle ta?

Na zubar da ruwan, na fita daga guruf ɗin, ina istigfari, amma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kawai, ga shi mutum biyu ne. Sau biyu ina shirya faɗa mata, ina fasawa. In na faɗa, mijinta ba zai ƙyale ni ba, Innarmu ga hawan jini, kuma na rasa yayata ke nan. In na yi shiru, dattijon nan zai mutu ana kiransa macuci. Kuma ko na faɗa ɗin, fuskarta ba za ta dawo ba.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?