Baba, Gara Ta Ci Littattafanka

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce 'yarka Bilkisu. Inna tana nan lafiya, sai dai ciwon gwiwar nan da ka sani. Shekara uku ke nan da rasuwarka, har yau ban sami wanda zan kawo wa ƙara kamar yadda nake kawo maka ba.

Maganar littattafanka ce, Baba, kuma raina a ɓace yake.

Ka yi wasiyya a kai su masallacin unguwarmu a nan Wudil, a sa a kabad inda kowa zai ɗauka ya karanta. Mun cika maka. A amalanke aka kwashe su. Akwai na fiƙihu, akwai na tarihin malamai, akwai waɗanda kake karanta mana bayan la'asar, masu magana a kan haƙƙin maraya, da na ɗan ƙwadago, da na maƙwabci ko da addininku ba ɗaya ba ne. Ba ka taɓa tambayar ɓangaren da marubuci ya fito ba. Kakan ce mini, "Bilki, fara duba hujjarsa, ki ƙyale rawaninsa."

Da bazara ƙanwarka Gwaggo Hajara ta zo daga Darki. Mijinta ya rasu bara, 'yan'uwansa sun riƙe gonar fadamar nan gaba ɗaya. Wai tunda mata uku kaɗai ta haifa, ba su da komai sai abin da aka ga dama aka ba su. Ta zauna a tabarmar Inna, ko ruwa ta kasa sha. Abin da take ta maimaitawa kawai, "Da Yaya na nan, da ba a yi mini haka ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, zan ɗauko littafinka na rabon gado mu duba.

Na sami ladan bayan azahar. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sunkuyar da kai. Ashe sabon kwamitin masallaci ya kwashe littattafan tun bara. Wai a ciki akwai na malaman wancan ɓangaren, za su ɓata aƙidar matasa. Ba su ma tsaya tantancewa ba, duka suka tattara suka zuba a ɗakin ajiya na baya, tare da tsofaffin tabarmi da fasassun butoci.

Baba, rufin ɗakin yoyo yake yi. Na ɗaga kwali, gindinsa ya zube. Wasu sun manne da juna kamar tubali, wasu gara ta mayar da su gari. Na durƙusa ina tonowa da hannu, ina ganin rubutunka na ajami a gefen shafuka, rabi ya tafi. Ban san ina kuka ba sai da ladan ya ce in yi haƙuri.

Na je wajen shugaban kwamitin. Ya karɓe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Malama, mu addini muke karewa." Na tambaye shi ko ya karanta ko guda ɗaya a cikinsu, ya ce ba sai ya karanta ba. Da na kawo maganar Gwaggo, na roƙi su sa baki, sai ya ce wannan sha'anin dangi ne, ba hurumin masallaci ba ne.

Nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Suna da lokacin yin wata guda ana musu a lasifika kan inda za a ajiye hannu a salla. Amma gonar marayu uku, wannan ba huruminsu ba ne.

Littafin gadon ya tsira, sai bangonsa da ya tafi. Na karanta wa Gwaggo a hankali: ita tana da ɗaya bisa takwas, 'ya'yanta suna da biyu bisa uku, ragowar ne kawai na 'yan'uwan mijin. Ta sa na sake karantawa. Sannan ta ce, "Ashe har da ni Allah Ya ambata?"

Mun kai ƙara kotu. Sau biyu ana ɗagawa. Damina ta sauka, mutanen sun riga sun shuka shinkafa a gonar. Ban san yadda za ta ƙare ba, amma Gwaggo ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Sai abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Na saɓa wasiyyarka, Baba. Na kwaso abin da ya rage, bai kai rabi ba, na shanya su a tsakar gida, yanzu suna ɗakina. Ba zan mayar ba. Duk mai so ya zo ya yi sallama, zan ba shi, ba zan tambaye shi masallacin da yake salla ba. Ka yafe mini, Babana.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi da aka karanta ya zama nauyi a mizaninka. Allah Ya fitar wa Gwaggo da 'ya'yanta haƙƙinsu, Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban huce ba.

Taka har abada,
Bilki