Zuwa ga Yaya Illa, Kan Akwatin Wifi da Ka Kahwa Muna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da hwatan alheri, Yaya, ina hwata wasiƙar ga ta iske ka cikin ƙoshin lahiya, duk inda kake cikin ƙasar Libiya. Ƙanwarka Hadiza ce, daga gida Buza. Na rubuta ta nan inda kowa ke gani, ko Allah shi sa wani da ya san ka ya karanta maka.

Abin da ya sa na zauna rubutu, jiya wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta zai tahi ci-rani, ta tambaye ni ko ta sa shi ya saya musu irin akwatin wifi ɗinmu. Tana son ta ji ko ya cancanci kuɗinshi. Na ce mata ta bari in yi tunani tukuna.

Ka tuna ranar da ka kawo shi, bayan girbin bara? Ka zagaya gida duka da shi a hannu kana biɗar rezo, wato sabis ɗin waya. Ɗakin Inna babu, zaure babu. Daga ƙarshe sai bisa rumbun gero ya kama. Ka ɗaure shi da waya a jikin sanda, ka ja mashi wuta daga pano mai aiki da hasken rana. Inna na zaune tana ɓarar gujiya, ta ɗaga kai ta ce, "Yanzu iska ma saida ta ake?"

Ka ce mata wannan ba irin na ofis ba ne da ake biya duk wata. "Ranar da kunka samu ku zuba forfe na data, ranar da babu ku kashe shi, ba wanda zai zo ya riƙe ku." Haka ka hwaɗa, kuma gaskiya ka hwaɗa.

Kiranka na hwarko bayan ka isa, sai da Inna ta shiga ɗaki ta canza zane kahin ta yarda ta zauna gaban waya. Ta ƙura maka ido ta ce ka rame. Kai kuma ka juya wayar ka nuna muna benen da kuke ginawa, da tukunyar da kuke dahwa shinkahwa ku takwas. Matarka Rabi na bayan ƙyaure tana leƙe, kunyar Inna ta hana ta matsowa. Na ga yadda idonka ke wuce mu yana biɗarta.

Ba zan ɓoye maka aibinshi ba. Forfen ga mai araha ba ya daɗewa. Unguwa ta ji muna da wifi, kowa sai ya zo gaida Inna da waya a hannu, kuma ka san ba ta iya hana kowa komi. In hadari ya taso rezo ya tahi. Sau nawa hotonka ya tsaya kana tsakiyar dariya, baki buɗe, mu yi ta kiran sunanka kamar kana bayan katanga.

Ranar kiranka na ƙarshe da hantsi ne, ina tuna wa. Ka ce aikin ya ƙare, za ku matsa wani gari kusa da teku, kai da abokanka biyu. Ka hwara hwaɗin sunan garin, sai forfe ya ƙare. Ni ce na ga saƙon gargaɗi cewa ya kusa ƙarewa tun da sahe, na ce bari sai na gama wanki. Na ɗauki mayahi na ruga shagon bakin tasha, na zuba, na komo ina haki. Na kira, wayarka kashe. Wata huɗu ke nan.

Mun tambayi ƴan garinmu da ke can. Wani ya ce an ƙwace maku wayoyi a hanya. Wani ya ce ana tsare mutane a wani gida. Wani ya ce bai san komi ba, kuma shi na hi yarda da shi.

Lokacin shuka abubuwa sunka yi tsauri, na ce wa Inna mu kashe akwatin, ko da na mako biyu ne. Ba ta yi mani hwaɗa ba. Ta ce, "In ya kira ya iske ƙohwa ruhe hwa?" Tun ranar ba mu sake barin shi ya ƙare ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan sa in danna mata waya, ta aje maka saƙon murya. Tana ba ka labarin ruwa, da gonar tudu, da wanda ya rasu. Saƙonnin na nan jere ƙarƙashin sunanka, ba wanda ya isa gare ka.

To mi zan ce wa maƙwabciya? Akwatin bai tsare ka ba, bai maido ka ba. Amma kahin ka ɓace muna, wata biyar Inna na ganin huskarka duk mako, abin da ba ta taɓa samu ba tun da ka hwara tahiya. Ina jin zan ce mata ta saya, kuma in ta ga saƙon gargaɗi ta aje duk abin da ke hannunta.

Yaya, Rabi ta sauka lahiya makon jiya. Ɗiya mace ce. Mun jira har ranar suna ko za ka kira ka zaɓa, sai liman ya raɗa mata sunan Inna. Tana da irin goshinka. Na tura maka hotonta, shi ne zai hwara buɗewa ranar da ka kunna waya.

Allah shi tsare ka inda kake, shi buɗe maka duk ƙohwar da anka ruhe. Allah shi ba ka ruwa in kana jin ƙishi, shi haɗa ka da masu tausayi. Allah shi sa ka ɗauki ɗiyar ga da hannunka tun ba ta hwara tahiya ba. Amin.

Inna na gaishe ka. Rabi ta ce kada in rubuta komi da sunanta, wai ka riga ka san abin da ke ranta.

Taka ƙanwa,
Hadiza